FASHIN BAƘI: Ƙurji ne ko ƙari? Yadda hoton ƙwaƙwalwa ke raba cututtuka masu kama da juna

Ciwon kai da ya ƙi jin magani, farfaɗiyar da ta fara kama mutum bayan ya girma, amai da sassafe, ko mutuwar ɓarin jiki sannu a hankali, suna daga cikin alamomin da kan sa likita ya ce a je a ɗauko hoton ƙwaƙwalwa. A ƙasar Maska da sauran garuruwan Karaduwa, wannan umarni kan zo da sayar da buhunan masara ko dabbar kiwo, da doguwar tafiya zuwa Shika ko Kano ko Katsina. Idan hoton ya fito da wani tabo mai siffar zobe a cikin kai, kalmar da ta fi saurin zuwa bakin dangi ita ce daji, kuma daga nan wasu kan tattara majinyacinsu su koma gida.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Tabon da ke bayyana a hoto yana iya zama ƙari, yana kuma iya zama ƙurji mai mugunya, ko dunƙulen tarin fuka, ko gidan wata tsutsa. Wasu daga cikin waɗannan suna warkewa da magani, har da wanda gwamnati ke bayarwa kyauta. Tantance wanne ne a cikinsu aiki ne mai wuya ko a manyan asibitocin duniya, kuma kuskure a cikinsa na iya sa a yi wa mutum tiyatar da ba ya buƙata, ko a bar shi yana shan maganin cutar da ba ita ke damun sa ba.

Gidaje biyu na cuta

Ƙoƙon kai akwati ne na ƙashi da ba ya buɗewa. Duk abin da ya tsiro a ciki, ko mene ne asalinsa, sai ya matse ƙwaƙwalwa. Likitoci sun kasa irin waɗannan abubuwa gida biyu manya.

Gida na farko shi ne na ƙari, wato tsiron da ke fitowa daga ƙwayoyin halittar jikin mutum da kansa. Wanda ya fi yawa a cikin masu farawa daga cikin kai shi ne meninjiyoma, mai tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ya fi kama mata, kuma mafi yawansa ba daji ba ne, ana cire shi mutum ya ci gaba da rayuwa. Akwai kuma gilayoma, mai fitowa daga naman ƙwaƙwalwar, wanda mafi muninsa, gilayobilastoma, ko an haɗa masa tiyata da gashi da magani, matsakaicin abin da majinyaci ke yi bayan gano shi bai wuce wata 15 ba. Sai kuma dajin da ya taso daga wani sashe na jiki, kamar huhu ko mama, ya bi jini ya yada zango a ƙwaƙwalwa.

Gida na biyu shi ne na cututtukan da ƙwayoyin cuta ke haddasawa. A nan akwai ƙurjin ƙwaƙwalwa, wanda bakteriya ke tara wa mugunya. Sau da yawa asalinsa kunne ne da ya daɗe yana ruwa, ko cutar kogunan hanci, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko raunin da ya huda ƙoƙon kai, kamar na haɗarin babur ko harbin bindiga. Akwai tubakuloma, dunƙulen da ƙwayar tarin fuka ke ginawa. Akwai tokzofilasma, mai far wa waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Akwai kuma tsutsotsi da bairos iri-iri.

Dalilin da ya sa alamomi ba sa wadatarwa

Mutane da yawa na ɗaukar cewa in akwai zazzaɓi to ƙwayar cuta ce, in babu to ƙari ne. Lamarin bai zo da sauƙi haka ba. Kusan rabin masu ƙurjin ƙwaƙwalwa ba sa zuwa asibiti da zazzaɓi, musamman idan sun riga sun sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga kemis. Mai tubakuloma kuwa yana iya zuwa ba tari, ba rama, hoton ƙirjinsa kuma ya fito lafiya lau. Alamar da majinyaci zai nuna ta dogara ne a kan wurin da abin ya zauna da girmansa. Wanda ya tsiro a gaban kai kan sauya hali da magana, har a ɗauka taɓin hankali ne ko aljanu. Wanda ya tsiro a ƙeya kan sa tangaɗi da jiri.

Akwai wani haɗari kuma da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Jihar Katsina tana cikin ɗamarar sanƙarau ta Afirka. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma Katsina na cikin jihohin da annobar 2017 ta fi shafa. Saboda haka, idan aka kawo majinyaci da ciwon kai da sanƙarewar wuya a lokacin bazara, tunani kan tafi ga sanƙarau, kuma gwajinsa shi ne ɗebo ruwa daga ƙashin baya. Amma idan akwai dunƙule mai girma a cikin kai, ɗebo wannan ruwa na iya sa ƙwaƙwalwa ta zame ƙasa ta danne cibiyar numfashi. Shi ya sa ƙa'idar aiki ta ce, wanda ya zo da mutuwar ɓarin jiki, ko sabuwar farfaɗiya, ko gushewar hankali mai tsanani, a fara ba shi magani nan take, a ɗauki hoto, kafin a taɓa bayansa da allura.

Na'urori biyu, idanu biyu

Hoton ƙashi da aka saba da shi ba ya nuna ƙwaƙwalwa. Na'urar CT ce ta fara buɗe wannan ƙofa. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan majinyaciya a Landan a 1971, kuma shi da Allan Cormack suka karɓi kyautar Nobel a 1979. Ta iso Najeriya a 1987, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. Tana aiki da haske irin na hoton ƙashi, tana yanka kai faifai-faifai a kwamfuta, cikin 'yan mintuna. Ta ƙware wajen nuna zubar jini, karayar ƙashi, taruwar ruwa da wuraren da suka ƙanƙare kamar dutse.

Na'urar MRI kuwa da maganaɗisu mai ƙarfi take aiki. Tana sauraron yadda ruwan da ke cikin nama ke amsa kiran maganaɗisun, don haka tana bambance nama da nama fiye da CT nesa ba kusa ba. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun samu kyautar Nobel a kanta a 2003. Takan ɗauki kamar rabin awa ko fiye, tana da ƙara, tana buƙatar majinyaci ya kwanta ba motsi. Wanda ke da ɓarɓashin harsashi ko wani ƙarfe a jiki dole ya faɗa kafin a shigar da shi, domin maganaɗisun na iya motsa ƙarfen. Ana auna ƙarfinta da ma'aunin tesla. Mai tesla 1.5 ita ce ta zama mizani a duniya, ƙananan da ba su kai rabin tesla ba kuma ba sa iya wasu gwaje-gwajen da za a ambata a ƙasa yadda ya kamata.

A duka biyun akan yi wa majinyaci allurar wani ruwa mai haska hoto. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke hana abin da ke cikin jini shiga cikinta. Inda cuta ta karya shingen, ruwan allurar kan tsiyaya ya haska wurin. Idan tsakiyar abin ta mutu ko ta zama mugunya, gefensa kaɗai ke haskawa, sai ya fito kamar zobe. Ƙurji na yin haka, tubakuloma na yi, dajin da cikinsa ya ruɓe ma na yi. Daga nan ruɗanin ke farawa.

Abin da likitan hoto ke dubawa

Abu na farko shi ne bangon zoben. Na ƙurji yakan zama siriri, sumul, kamar an zana shi da alƙalami, kuma ɓangaren da ke fuskantar tsakiyar ƙwaƙwalwa ya fi sauran sirantaka. Na daji yakan zo da kauri, da ƙulle-ƙulle, wani gefen ya fi wani tudu. Lokaci ma yana da tasiri: ƙurji kan ɗauki kimanin mako biyu kafin ya gama gina bangonsa, don haka hoton kwanakin farko na iya nuna kumburi kawai.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne amfani, shi ne gwajin motsin ruwa da MRI ke yi. Ƙwayoyin ruwa a cikin jiki ba sa tsayawa wuri ɗaya. A cikin ruwa tsinkakke suna yawo yadda suka so, a cikin abu mai kauri kuwa suna maƙalewa. Mugunya kamar kunu ce mai kauri, cike da matattun ƙwayoyin jini da bakteriya, don haka ruwan cikinta a ɗaure yake, kuma a wannan hoto tsakiyar ƙurji kan fito fari fat. Tsakiyar dajin da ya ruɓe ta fi kusa da ruwa tsinkakke, sai ta fito da duhu. Gwajin bai wuce minti biyu ba, ba ya buƙatar allura, kuma shi ne ya sauya yadda ake rarrabe waɗannan cututtuka tun daga ƙarshen shekarun 1990.

Abu na uku shi ne yawan jinin da ke ratsa bangon. Daji mai saurin girma yana ƙirƙirar wa kansa sababbin hanyoyin jini domin ya ci ya ƙoshi, saboda haka bangonsa kan nuna jini mai yawa. Bangon ƙurji ko na tubakuloma bai kai haka ba.

Abu na huɗu shi ne gwajin sinadarai, wanda ke ba likita damar sanin abin da ke cikin tabon ba tare da ya huda shi ba. Daji kan nuna hauhawar sinadarin kolin, alamar ƙwayoyin halitta na ta hayayyafa. Ƙurji kan nuna irin abubuwan da bakteriya da ruɓewar nama ke bari a baya. Tubakuloma kuwa kan nuna maiƙo mai yawa.

Sai kuma wuri da adadi. Ƙurjin da ya taso daga kunne yakan zauna a ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke saman kunnen ko a ƙeya, wanda ya taso daga kogunan hanci kuma a goshi. Meninjiyoma kan manne a jikin tantani, ya haska gaba ɗayansa. Dajin da ya zo ta jini yakan watsu wurare da dama.

Tarin fuka, gwanin ɓad-da-kama

Najeriya ce ke da masu tarin fuka mafi yawa a Afirka, kuma tana cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a sahun gaba a duniya. Wannan kaɗai ya isa ya sauya yadda ake karanta hoto. Zoben da likita a Jamus zai fara ɗauka a matsayin daji, takwaransa a Zariya dole ya sa tubakuloma a cikin jerin farko, musamman idan majinyacin yaro ne ko matashi.

Tubakuloma da ya nuna yana da ciki mai tauri kamar cuku, wanda kan fito da duhu a irin hoton MRI da ruwa ke fitowa fari. Sau da yawa ƙananan zobba ne da suka haɗe kamar nonon inabi. Idan aka ga tantanin gindin ƙwaƙwalwa ma ya haska, ko ruwa ya taru a kogunan kai, zargin ya ƙara ƙarfi. Akan nemi ƙarin shaida a waje: hoton ƙirji, gwajin majina da na'urar GeneXpert, da tambayar ko akwai mai tari a gida.

Idan shaidu suka taru, likitoci kan fara maganin tarin fuka su sake ɗaukar hoto bayan makonni. Maganin kyauta ne a cibiyoyin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa. Na huhu wata 6 ake sha, na ƙwaƙwalwa kuwa yakan kai wata 12, wani lokaci ma ya zarce. Akwai wani abin mamaki da iyalai ya kamata su sani: a watannin farko tubakuloma na iya ƙara girma duk da cewa maganin na aiki, saboda garkuwar jiki ta farfaɗo tana faɗa da shi. Wanda ya daina shan magani a wannan gaɓa ya yar da rabonsa. Likitan da ke duba shi ne zai tantance ko wannan ne ke faruwa, ko kuwa tun asali ba tarin fuka ba ne.

Raunin garkuwa da tsutsotsi

Ga mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, manyan abubuwa biyu ne ke takara: tokzofilasma da dajin limfoma. Tokzofilasma, wadda ake samu daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, takan yi zobba da yawa a can cikin ƙwaƙwalwa. Limfoma ya fi zama guda ɗaya kusa da kogunan ruwa, kuma saboda cunkoson ƙwayoyinsa shi ma yakan ɗaure ruwa ya fito fari a gwajin motsi, abin da ke nuna cewa gwajin ba shi da tabbas ɗari bisa ɗari. Hanyar da aka saba bi ita ce a ba da maganin tokzofilasma na kimanin mako biyu, a sake hoto. In zobban sun motse, an samu amsa. Shi ya sa gwajin wannan cuta yake cikin abubuwan farko da akan nema, kuma ba zargi ba ne ga majinyaci.

Akwai kuma tsutsar ciki mai alaƙa da alade, wadda ke gina ƙananan jakunkuna a ƙwaƙwalwa, kowace da ɗigo a ciki, wato kan tsutsar. Tana cikin manyan musabbaban farfaɗiya a ƙasashe masu tasowa. Ba sai mutum ya ci naman ba yake kamuwa, domin ƙwanta na bin abinci ko ruwan da bahayar mai ɗauke da ita ya gurɓata. A 1992 an ba da rahoton samun ta a cikin wasu iyalan Yahudawa a birnin New York waɗanda ba sa cin alade sam. Tsargiya ma, wadda masu noman rani da masu wanka a dam suka sani, a wasu lokuta ƙalilan ƙwanta kan kai ƙwaƙwalwa ya yi dunƙule mai kama da ƙari.

Inda hoto ke tsayawa

Hoto shaida ne mai ƙarfi, amma hukuncin ƙarshe na ɗakin gwaji ne. Idan aka rasa tabbas, likitan tiyata kan huda ƙaramin rami a ƙoƙon kai ya ɗebo ɗan abin da ke ciki. In mugunya ce, zuƙe ta magani ne kuma gwaji ne a lokaci guda, kuma galibi akan yi haka ga ƙurjin da ya wuce santimita 2.5, a biyo da allurai na mako 6 zuwa 8. In nama ne, a duba shi a madubin likita.

Wani abin da ke ɓata wannan aiki shi ne shan magani barkatai. Dekzametazon, wanda ake samu a kemis har wasu ke sha don ƙara ƙiba, yana rage kumburin ƙwaƙwalwa, majinyaci ya ji sauƙi na ɗan lokaci. Amma yana iya sa limfoma ya ɓace daga hoto ya dawo daga baya, yana kuma iya rufe alamun ƙurji yayin da cutar ke ci gaba.

Daga Maska zuwa gaban na'ura

Manyan asibitocin Funtua da Malumfashi su ne matakin da majinyacin ƙauye kan fara takawa bayan asibitin sha-ka-tafi. Tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa aikin asibitocin koyarwa ne. Mafi kusa da mutanen Maska shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Funtua zuwa Zariya. Akwai na Malam Aminu Kano, inda hukumar zuba jari ta ƙasa, NSIA, ta kafa cibiyar gwaje-gwaje da ɗaukar hoto. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, mai nisan kusan kilomita 200 daga Funtua. A Sakkwato kuma akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu ke tafe da tarihinta. Fannin ya fara a Najeriya ne a 1962, lokacin da Latunde Odeku ya kafa sashensa a Ibadan, amma har yau likitocinsa ba su kai 200 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200.

Sayen na'ura shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. MRI mai ƙarfi tana buƙatar lantarki dare da rana domin sanyaya maganaɗisunta da ruwan hiliyam, da kwangilar gyara, da ma'aikacin da ya iya sarrafa ta, da likitan da zai karanta abin da ta fitar. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa duk gwamnatin da ta yanke ƙyalle a gaban sabuwar na'ura ita ce: wane ƙarfi gare ta, wa zai gyara ta, nawa aka ware don wutarta, kuma nawa talaka zai biya?

Batun biya shi ne ƙashin bayan matsalar. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa. Jihar Katsina na da tata hukumar taimakekeniyar lafiya. Ga shiyyar Karaduwa mai ƙananan hukumomi 11, wadda rashin tsaro ya ƙara wa yawan masu raunin kai ya kuma sa tafiyar dare ta zama kasada, ma'aunin waɗannan dokoki shi ne ko manomi zai iya yin hoto na biyu. Kamar yadda aka gani, sau da yawa hoton da aka sake bayan makonni shi ke ba da amsa, kuma a lokacin ne kuɗin iyali kan ƙare.

Abin da iyali za su riƙe

Farfaɗiyar da ta fara a jikin babba, ciwon kai mai ƙaruwa da amai, sauyin hali, ko raunin ɓari ɗaya, duk suna buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba, ko da ana haɗawa da addu'a. Kunnen yaro da ke ruwa wata da watanni abin kai wa asibiti ne tun kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Idan za a je hoto, a tambayi likita ko da allura za a yi, kuma in MRI ce, ko za a haɗa da gwajin motsin ruwa, don kada a biya kuɗi sau biyu. A faɗa masa duk maganin da aka sha, da ko akwai mai tari a gida. A adana faifai da takardar kowane hoto, domin da tsohon ake auna sabon. Kuma kada a yanke ƙauna da jin kalmar ƙari kafin likitan hoto da likitan tiyata su zauna a kan sakamakon.